Daga Duwatsun Machina Zuwa Tafkin Dagona

Dagona ƙauye ne a ƙasar Bade, arewacin Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa. Tafkin da ke gefensa ne ya fitar da sunansa duniya. Asalin tafkin tsohuwar hanyar kogi ce da ruwa ya sauya ya bari, ta lanƙwashe kamar lauje, tana cika idan ambaliyar damina ta iso, tana ja da baya sannu a hankali har bazara. Mai ziyara yakan haɗa Dagona da garuruwan da ke kewaye da ita: Nguru inda layin dogo ya ƙare, Machina mai duwatsu a kusa da iyakar Nijar, Gogaram tsohon birnin Badawa, da Gashuwa inda Mai Bade yake zaune a yau. Kwana uku zuwa huɗu sun ishi wannan zagaye idan babu gaggawa. Ƙasar iri biyu ce, tudu da fadama, kuma duk abin da baƙo zai gani ko zai ci a tafiyar daga ɗayan biyun nan ya fito.

Daga Kano hanyar mota takan bi ta Haɗeja, ta wuce Birniwa, ta shiga Nguru. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu. A sannan ruwa ya ja ya bar hanyoyin ƙauye a bushe, tsuntsayen ƙetare sun sauka, an girbe shinkafa, kifi kuma ya taru a tafkuna. Illar wannan lokaci biyu ce: hazon hunturu yakan rufe sararin sama har a kasa hango gaɓar tafki ta can ƙetare, sanyin asuba kuma a nan ba wasa ba ne. Wanda ya zo a watan Afrilu zai tarar da rana mai narka kwalta da tafki rabinsa taɓo. Wanda ya zo a Agusta ko Satumba zai ga ƙasa kore shar, amma ƙauyuka da dama sai da kwalekwale ake isa gare su.

Nguru tsohon gari ne a tarihin Borno. A nan Galadiman Borno yake zaune yana tsaron yammacin daular, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Amma Ngurun da baƙo ke gani a yau jirgin ƙasa ne ya gina ta. Layin dogo daga Kano ya iso garin a 1930, ya tsaya a nan bai ƙara gaba ba, sai Nguru ta zama matattarar gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, shanu da busasshen nama, waɗanda ake lodawa zuwa kudu. Kasuwancin ya jawo Hausawa, Yarabawa, Ibo da Larabawa suka zauna tare da Mangawa 'yan gari. Tashar jirgin tana nan da tsofaffin ɗakunan ajiyarta, ko da yake hada-hadar ta koma kan manyan motoci. Ba gari ne na dogon kallo ba. Amfaninsa ga matafiyi shi ne masauki, man mota, kasuwa, da nama. Sana'ar busar da nama ta daɗe a Nguru, kuma kilishinta ya cancanci a saya a yi guzuri da shi.

Machina tana arewa maso yammacin Nguru, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai. Da an bar Nguru ƙasa takan sauya. Fadama ta ƙare, sai jigawa, rairayi fari, gonakin gero da suka zama kara, bishiyoyin aduwa, gawo da kuka jefi-jefi, da raƙuma suna miƙa wuya cikin ƙaya. A wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda mutum kan yi tafiyar yini bai ga dutsen da zai jefi tsuntsu da shi ba, kwatsam sai duwatsu su bayyana a gaba, manya, curi-curi, wani a kan wani. A gindinsu garin yake. 'Yan Nijeriya da yawa ba su san sunan Machina ba sai a 2022, lokacin taƙaddamar takarar kujerar sanatan Yobe ta Arewa, alhali masarautar tana cikin tsofaffi a wannan yanki, kuma tarihin baka na gidan sarautar yana lissafa sarakuna da dama da suka shuɗe a ɗaruruwan shekaru. Sarautar garin ita ce Mai Machinama, mai riƙe da ita a yanzu shi ne Alhaji Bashir Albishir Bukar Machinama.

Dalilin kafa gari a nan a bayyane yake ga duk wanda ya hau dutsen. Daga sama ana hango ƙasa ta kowace kusurwa, ƙurar mahaya ba ta ɓoyuwa, kuma idan hari ya zo akwai inda mata da yara da dabbobi za su fake. Dabarar ba ta Machina ba ce ita kaɗai. Haka mutanen Dala da na Kufena da na Kwatarkwashi suka yi, haka kuma mutanen tsakiyar Italiya suka yi a zamanin da, inda suka ɗora garuruwansu a kan tuddai suka kewaye su da ganuwa, irin San Jiminyano mai dogayen hasumiyoyi da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa gani a yau. Bambancin shi ne can da dutse aka yi ginin, ya tsaya, nan kuwa da ƙasa da kara aka yi, damina ta cinye mafi yawansa, sai dutsen Allah ya rage da sunan gidan sarauta. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Machina a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa ta Gumel. Ya bayyana ta a matsayin babban gari a gangaren tudu mai duwatsu a ƙoli, ya ƙiyasta mutanenta sun kai 10,000. A ma'aunin wancan zamani wannan ba ƙaramin gari ba ne.

Abin da aka fi ba baƙo labari a Machina shi ne zumuncin gidan sarauta da macizai. Tarihin baka ya ce matar wani sarki ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya maciji, macijin ya sulale ya shige cikin duwatsu, zuriyarsa kuma ta ci gaba da zama a can. Saboda haka al'adar garin ta hana kashe maciji, kuma mutanen gari suna cewa macizan kan leƙo fada idan ana wani sha'ani na gidan, kamar yadda dangi ke zuwa biki. Malamai suna da nasu ra'ayi a kan irin wannan labari, masu nazarin tarihi ma haka. Abin da ya shafi baƙo shi ne ladabi: kada ya ɗaga sanda idan ya ga maciji a garin, kada kuma ya mayar da zancen abin dariya a gaban masu shi. Hawan dutsen ya fi daɗi da sassafe ko bayan la'asar, da ɗan rakiya daga cikin gari, bayan an je fada an yi gaisuwa. Ana shiga da sallama, a cire takalmi, a durƙusa a ce “Allah ya ja zamanin Mai,” a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum. Masarautar tana shirya bikin al'adu da ake hawan dawaki da kokawa da kaɗe-kaɗe, wanda ya dace da shi ya ga garin a cike.

Abincin Machina abincin tudu ne, wato gero da abin da dabba ta bayar. Babban abin da za a ajiye wa baƙo shi ne burabusko, wanda wasu ke kira biski. Ana surfa gero a wanke, a ɓarza shi, a tankaɗe a fitar da gari a bar tsakin, sannan a turara a madambaci. Idan ya yi rabin dahuwa sai a sauke a yayyafa ruwa, a murje curin da hannu, a mayar. Gwanar mai girki ana gane ta ne a nan: burabuskonta yakan fito warwar, kowace ƙwaya a ware, ba ya caɓewa ba ya kuma yin tsatsa a baki. A zuba man shanu, a kawo miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa da naman akuya. Wanda ya saba da tuwon shinkafa mai santsi zai ji shi da ɗan kaushi a loma ta farko, amma yana riƙe ciki daga hantsi har magariba, abin da manomi da makiyayi ke bukata ke nan. Da rana akwai fura da kindirmo daga hannun matan Fulani, da safe kunun kanwa ko na tsamiya. Da kaka kuma ana samun soyayyar fara da yaji, wadda mutanen Yobe da Borno ba sa wasa da ita. Shayi ana dafa shi da kauri, a sha a ƙananan kofuna, ba a kuma gaggawar tashi daga wurinsa.

Daga Machina sai a komo Nguru a kama hanyar Gashuwa, mai tsawon kimanin kilomita 65. A wannan hanya ne ake ratsewa kudu zuwa Dagona, ta hanyar ƙasa mai rairayi wadda ƙaramar mota ke shan wuya a kanta. Nan ne ake shiga dausayin Haɗeja da Nguru sosai, kuma ba a fahimtar Dagona sai an san yadda ruwan ke tafiya. Kogin Haɗeja ya taso daga ƙasar Kano, kogin Jama'are daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Da suka iso wannan yanki sai suka tarar da jerin tsofaffin tuddan rairayi a kwance a gabansu, ƙasa kuma ba ta da gangara. Sai ruwan ya rarrabu, ya bi tsakanin tuddan, ya zama rassa da tafkuna da fadamu, kafin ya sake haɗuwa kusa da Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan saman da ke sauka a nan kaɗan ne, watanni uku zuwa huɗu. Arzikin yankin ruwan da aka yi a wata ƙasa ne, wanda ke isowa a Agusta da Satumba ya malale.

A kan wannan malala rayuwa ta ginu, kowa da lokacinsa. Manomi yana shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, ta tashi tare da shi. Masunci yana bin kifin da ya fantsama cikin ciyawa ya yi ƙwai. Idan ruwa ya fara ja, ana bin danshin a shuka wake da rogo, masu injin ban-ruwa su sa alkama, albasa, tattasai da tumatir. Bayan girbi Fulani su sauko da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa. Fili ɗaya yakan ciyar da mutum uku ko huɗu a shekara, muddin kowa ya jira lokacinsa, rigima kuwa takan tashi ne idan wani ya riga wani. Bulama da lawani su ne ke fara sauraron irin wannan ƙara.

Tafkin Dagona yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Gandun yana da sassa uku: Chingurmi-Duguma a Jihar Borno, Bulatura mai tuddan rairayi a ƙasar Yusufari, da sashen Bade-Nguru inda Dagona take. Saboda haka ba a shiga bakin tafkin kai tsaye. Ana fara neman izinin ma'aikatan gandun, su haɗa baƙo da wanda zai raka shi. Wannan rakiya riba ce, domin ma'aikacin ya san inda tsuntsaye suka kwana da inda ƙasa ke cin ƙafa.

Ana fita kallon tsuntsaye ne bayan sallar asuba. Kafin gari ya waye sosai kunne ke fara aiki: fito na kirinjijiya, wadda ke tashi garke-garke tana kewaya ruwa, da ƙarar zakaran ƙeƙuwa da ke tona asirin duk mai tahowa. Da haske ya fito sai a ga fuskar tafkin ta yi baƙi da agwagi. Dinya ce babba a cikinsu, baƙa mai farin ciki, tana kiwo a gefen ciyawa. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. Balbela tana bin shanu a gaɓa. Idan an yi sa'a a ga kwasakwasa suna iyo a jere suna kora kifi zuwa wuri marar zurfi, kowanne da jakarsa a ƙarƙashin baki. Gauraka, wadda dattawa ke cewa da tana da yawa a fadamun nan, yanzu ganinta sai an dace. Shamuwa kuwa ba a ganinta da hunturu, ita baƙuwar damina ce, ta riga ta yi kudu.

Waɗannan duk 'yan Afirka ne. Waɗanda suka sa Turawa suka san Dagona su ne baƙin da ke zuwa daga Turai da arewacin Asiya. Idan sanyi ya kama can, ruwa ya daskare, abinci ya ɓace, sai su taso su ƙetare Bahar Rum, wasunsu ta kan Italiya, su ratsa Sahara, su sauka a wuri na farko da suka tarar da ruwa da abinci. Dausayin Haɗeja da Nguru yana cikin irin waɗannan wurare ƙalilan a bakin hamada, tare da fadamar kogin Kwara a Mali da Tafkin Chadi. Cikin baƙin akwai ƙananan agwagi masu farar gira, da wasu masu tsinin wutsiya, da wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu da ke zuwa dubbai yana tsintar shinkafar da ta zube a gonaki bayan girbi. Namijinsa a ƙasar haihuwarsa yakan yi ado da gashin wuya kamar ɗan sarki ranar hawa, a nan kuwa a tuɓe yake zuwa, launin ƙasa, ba mai kallonsa sau biyu. Masu ƙidaya sun rubuta fiye da nau'i 370 na tsuntsaye a dausayin baki ɗaya. Zuwa Maris baƙin sun fara komawa. Mai zuwa kallo ya zo da madubin hangen nesa, ya sa tufa marar haske, ya rage magana. Zuwa hantsi kallo ya ƙare, tsuntsaye sun watse kiwo.

Saboda waɗannan baƙi aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, da haɗin gwiwar gwamnati da ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona a matsayinsa na shugaban asusun kare namun daji na duniya, ziyarar da har yau ake ba baƙi labarinta. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Nijeriya, Tafkin Dagona ya bi baya a 2008. Sunan ya yi nisa, amma kayan karɓar baƙi a wurin ba su kai sunan ba. Wanda ya zo da tsammanin otal da gidan abinci a bakin ruwa zai koma da takaici. Gara ya kwana a Nguru ko Gashuwa ya yi sammako.

Akwai kuma abin da baƙo zai gani ko bai tambaya ba, wato kacalla. Doguwar ciyawa ce mai kai kamar gero, ta fi mutum tsawo, ta cike mashigai da gefen tafkuna, musamman ta wajen Nguru. Yaɗuwarta tana da alaƙa da madatsun ruwan da aka gina a sama: Tiga a 1974 da Challawa a 1992, duka a Jihar Kano. Kafin madatsun, kogi yakan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan ce ke kashe ciyawar. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacalla ta samu abin da take so, ta toshe wasu rassan kogin, ruwa ya karkata ya yi yawa a wani wuri har ya ci gonaki, wani wurin kuma ya rasa. Ta hana kwalekwale wucewa, ta hana jefa taru, ta kuma zama maɓoyar jan-baki, tsuntsun da ke iya share gonar shinkafa cikin yini. Mutanen ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe hanya, bayan 'yan watanni ta sake rufewa. Faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa ma ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1960. Masana tattalin arziki da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan da aka bari ya malale a dausayin ya fi kawo amfani, idan aka haɗa noma da su da itace, a kan wanda aka tare don noman rani a sama. Maganar tana da ƙarfi, amma ba ta sauya yadda ake rabon ruwan ba.

A cikin yankin da aka keɓe an hana kamun kifi da farauta, sai dai ƙauyukan da ke kewaye duk na masunta ne, kuma a nan abincin fadama yake. Kayan aikinsu kalli ne da birgi da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gurar Mali da ake jerawa a mashigi. Wasu kan kwanta a kan babbar gora su yi iyo da ita, kifin da suka kama su jefa a cikinta. Abin da aka fi kamawa tarwaɗa ce da karfasa, sai kurungu da kawara, da gaiwa wadda ke shiga taɓo ta yi kwanan rani har ruwa ya dawo. Da hantsi ake fito da kamun dare, dillalai da mata masu soya suna jira a gaɓa. Ciniki a nan ba ya tsawo. Baƙo ya ce, “Baba, nawa ne wannan kashin?” Masunci ya faɗi kuɗi, ya ƙara da cewa na yanzu ne, ko motsi bai daina ba. A taya, ya ce albarka, a ƙara kaɗan, ya sallama.

Kifin da ba a sayar ɗanye ba shi ake yi wa banda. Ana fasa cikinsa a wanke, tarwaɗa a lanƙwasa ta a soke wutsiya da kai da tsinke ta zama kamar gammo, a jera a kan waya bisa wuta marar harshe, hayaƙi ya yi ta ratsa ta ana juyawa har ta bushe ta yi baƙi-baƙi tana ƙyalli. Mai kyau ba ta ƙonewa, ba ta kuma da danshi a ciki. Daga nan ake cika kwalaye a kai kasuwannin Gashuwa da Nguru, manyan motoci su kwashe zuwa kudancin ƙasar. Mai saye ya karya ɗaya ya duba cikinta, ya kuma shinshina, domin akwai masu zuba maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, kuma hanci yana gane wannan.

Girkin da ya fi nuna gwanintar matan wannan yanki shi ne miyar yakuwa da kifi. Tsamin yakuwa yana kashe ƙarnin tarwaɗa, ɗan ƙanƙanin kanwa yana rage tsamin ya daidaita, daddawa da albasa da barkono su cika sauran. Ana cin ta da burabusko ko da tuwon shinkafar gida. Shinkafar fadama ba ta da farin ta kanti, wani lokaci sai an tsince tsakuwa, amma tana da ƙamshi da gardin da waccan ba ta da shi. Banda kuma ita ce ran miyar kuka a nan: a jiƙa ta a ruwan zafi, a cire ƙaya, a marmasa a cikin miya. Akwai farfesun kan tarwaɗa da ake sha da sanyin safiya, akwai karfasa soyayya da garin yaji a bakin kasuwa. Mafi sauƙi kuma mafi daɗi shi ne kifin da aka gasa a gaɓa minti kaɗan bayan fitowarsa daga ruwa, da gishiri kawai. Yara za su kawo goruba, wadda bishiyarta ta cika yankin, ana gwaguyar 'ya'yanta, ana saƙa tabarma da igiya da faifai da kabarta. Bado ma, mai farin fure a kan ruwa, ana cin 'ya'yansa da saiwarsa, kuma ya ceci mutane a shekarun yunwa.

Kudu da Dagona, cikin kurmi da fadama, Gogaram take. Idan Machina da dutse ta kare kanta, Badawa da ruwa da sarƙaƙiya suka kare nasu. A farkon rabin ƙarni na 19, lokacin da suke tsakanin matsin Borno ta gabas da na Haɗeja ta yamma, shugabansu Lawan Babuje ya tattara su ya gina birni mai ganuwa a nan, a wurin da dawakin maƙiyi ba sa iya kaiwa da damina, da rani kuma sai sun ratsa ƙaya. Gogaram ta zauna hedikwatar Bade har 1946, lokacin da aka mayar da sarautar Gashuwa. Abin da ya rage na ganuwar tudun ƙasa ne mai tsawo da bishiyoyi suka tsiro a kai, sai an nuna wa baƙo zai gane. Garin yakan farfaɗo ne lokacin bikin kamun kifi na Bade, wanda ake kira Mauyi Ganga, inda masunta ke faɗawa ruwa a lokaci ɗaya da koma da gora a gaban Mai Bade da baƙinsa. Bahaushe zai ji harshen Bade baƙo a kunnensa, amma dangin Hausa ne, reshe ɗaya suka fito a cikin harsunan Chadi, kuma ya fi kusa da Ngizim na Potiskum. Zama da Barebari ya sa ya ɗauki kalmominsu da yawa, har da sunayen sarauta irin su mai da lawan da bulama.

Gashuwa ce ƙarshen zagayen. Gari ne a bakin kogi, mai gada da babbar kasuwa, da fadar Mai Bade Alhaji Abubakar Umar Suleiman, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Ba ta da tsofaffin gine-ginen da za su tsayar da mai kallo, kasuwar ce abin gani: buhunan shinkafa, kwalayen banda, barkono, albasa, kanwa, tabarmin kaba, da dabbobi daga ƙasar Nijar. A nan ake sayen tsaraba. Daga Gashuwa mai komawa Kano yana iya juyawa ta Nguru, ko ya yi kudu ta Jakusko zuwa Potiskum.

Rikicin Boko Haram ya rage masu zuwa Yobe yawon buɗe ido ƙwarai, ko da yake ɓangaren Nguru da Machina da Bade bai sha abin da gabashi da kudancin jihar suka sha ba. Duk da haka akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, don haka matafiyi ya riƙe katin shaidarsa, ya tambayi halin hanya a tasha kafin ya tashi, kada kuma ya yi tafiyar dare. Ya ɗauki ruwan sha, gidan sauro, rigar sanyi da tsabar kuɗi, domin a ƙauyukan fadama layin waya yakan ɗauke. Kada ya ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai da izini. Idan ya isa Dagona kuma ya fara zuwa gaishe da bulama kafin ya nufi bakin tafki.